Zane da Hayaƙi: Fasaha ce, ko Iska ce Kawai Ke Kwashewa?

Ɗalibar Zane ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a sashen zane-zane, ina aji uku, kuma an ba mu aikin ƙarshen zango cewa kowa ya zaɓi abu guda wanda ba fenti ba ne ba kuma fensir ba, ya yi aiki da shi, sannan ya rubuta bayanin dalilin zaɓinsa. Abokan karatuna sun kama yumɓu da fata da ƙwarya da tsummoki, ni kuwa hayaƙi ne ya tsaya mini a rai. Abin ya samo asali ne daga ranar da na shiga tsohon madafin kakata na ɗaga kai, na ga yadda shekaru suka rina rufin da bangon da kunkunniya, wani wuri baƙi wuluk, wani wuri ja-ja kamar an shafa lalle, kuma a inda ta daɗe tana rataye faifai, da aka cire shi sai ga da'irarsa ta fito fes a jikin bango, alhali babu wanda ya taɓa nufin zana ta.

Tambayoyina biyu ne. Ta farko, shin akwai masu fasaha na haƙiƙa da suka yi aiki da hayaƙi, kuma ta yaya ake riƙe shi har ya zama abin da za a rataye a duba? Ta biyu ita ce ta fi damuna. Na yi niyyar rubuta cewa hayaƙi kwatancin maganar ɗan Adam ne, domin yana fitowa daga wuri mai zafi, yana bazuwa inda mai shi bai aike shi ba, kuma ba ya komawa, kamar yadda aka ce magana zarar bunu ce. Da na faɗa wa kawuna sai ya yi dariya ya ce abin da iska ke kwashewa ba ya zama sana'a, balle ya zama hikima. Ina neman wanda zai gaya mini gaskiya, ko kwatancin nan yana da ƙafar tsayawa, ko kuwa daɗin baki ne kawai ya ja ni.

Tsohon Malamin Fasaha ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki game da tambayar farko, domin hanyar da kike son bi ta daɗe da zama turba. A wajen tsakiyar shekarun 1930, wani mai zane haifaffen birnin Biyana mai suna Wolfgang Paalen, wanda ke cikin ƙungiyar masu zanen mafarki a Faris, ya fara wuce takarda ko ƙyallen zane a kan harshen kyandir da fitila, ya bar baƙin ya kwanta yadda ya ga dama, sannan ya zauna ya dubi tabon ya fito da siffofin da idonsa ya hango a ciki. Sun kira dabarar da suna fumaj, daga kalmar hayaƙi ta Faransanci. Abin da ya ja hankalinsu shi ne cewa hannu ba shi da cikakken iko a kan harshen wuta, saboda haka rabin aikin na mai zane ne, rabin kuma na numfashinsa da motsin iskar ɗakin. Bayansa, a Jamus, Otto Piene na ƙungiyar masu fasaha da ake kira Zero ta birnin Dusuldof ya fara zane-zanen hayaƙi a 1959, yana sa baƙin ya ratsa ta kwali mai huje-huje kafin ya sauka a kan takarda.

Amma wanda ya fi kusa da madafin kakarki shi ne ɗan Italiya Claudio Parmiggiani. A 1970 a birnin Modena, ya lura da alamun da kaya suka bari a bangon wani ɗakin ajiya bayan an kwashe su, daga nan ya ƙirƙiro abin da ya ci gaba da yi shekaru da dama: ya jera littattafai ko kwalabe a kan kanta a jikin bango, ya rufe ɗakin ya cika shi da hayaƙi mai kauri, idan ya lafa sai ya kwashe kayan. Abin da ke saura shi ne fararen inuwoyin littattafan da babu su, kewaye da baƙin kunkunniya. Ba sai na faɗa miki cewa faifan kakarki ya riga shi ba.

Akwai kuma waɗanda ba su damu da riƙe komai ba. Judy Chicago, wata mai fasaha 'yar Amurka, daga 1968 zuwa 1974, ta riƙa tayar da hayaƙi mai launi a hamada da bakin teku da filayen Kalifoniya, ya lulluɓe wurin na ɗan lokaci ya watse. Cai Guo-Qiang, ɗan ƙasar Sin da aka haifa a birnin Quanzhou a 1957, albarushi ne kayan aikinsa; shi ya tsara sawun ƙafa 29 na wuta da suka taka sararin Beijin a bikin buɗe wasannin Olamfik na 2008, kuma a watan Disambar 2011 ya yi wani aiki a Doha da rana tsaka, inda dunƙule-dunƙulen baƙin hayaƙi suka fashe a sama kamar ɗigon tawada a kan farar takarda. Waɗannan ayyuka hoto da bidiyo ne kawai ke ajiye su, kuma ni ra'ayina, wanda ya ga hoton bai ga aikin ba, ya dai ga shaidarsa.

Ta fuskar aiki, ga abin da na sani da hannuna. Ki nemi takarda mai kauri da santsi, ki manna ta a jikin katako ki ɗaga ta sama da kanki, ki riƙa wucewa da kyandir a ƙarƙashinta ba tare da tsayawa wuri guda ba, domin daƙiƙa biyu sun isa ta ƙone. Fitilar kananzir da aka cire wa ƙwai aka ɗaga lagwaninta tana ba da baƙi mai yawa da laushi, kyandir kuwa ya fi ba da siririn layi. Daga nan sai ki koma cire baƙin da gashin kaza ko auduga ko tsinke, domin a wannan sana'a haske ake zanawa, duhun kyauta ne. Kunkunniyar ba ta da abin da ke riƙe ta, ko hurawa kika yi za ta tashi, don haka dole a fesa mata maganin kama zane daga nesa, a hankali, kuma bayan an kashe wutar gaba ɗaya, saboda feshin yana kamawa. Ki yi aikin a inuwar waje inda iska ba ta kaɗawa, da bokitin ruwa a gefenki, ki kuma ɗaure mayafinki da kyau.

Sannan ki tuna wa kawunki, cikin ladabi, cewa tawadar da ya fara rubuta allo da ita ta yiwu daga baƙin tukunya aka kankaro ta aka dama da ƙaro. Sinawa ma daga hayaƙin wani itace da ake kira fayin da na mai suke tara baƙin da suke haɗawa da danƙo su yi sandar tawadarsu. Hayaƙin da ya ce iska na kwashewa, da shi aka rubuta abubuwa masu yawa da suka fi marubutansu daɗewa a duniya.

Mai Bin Tarihi ya amsa:

Malam ya gama da tambayar farko, ba ni da abin ƙarawa. Ni ta biyun zan taɓa, kuma ƙanwata, ki yi haƙuri, domin zan ɗan goyi bayan kawunki, ko da yake ba don dalilinsa ba.

Kwatancin da kika kawo ya dubi yadda hayaƙi ke tashi ne, bai dubi yadda yake isar da saƙo ba, kuma idan muka bi wuraren da mutane suka yi magana da shi da gaske, za mu tarar harshensa gajere ne ƙwarai. A zamanin daular Ming, masu gadin hasumiyoyin babbar ganuwar Sin suna da ƙa'ida a rubuce: hayaƙi ɗaya da harbin igwa ɗaya idan maharan kusan ɗari ne, biyu idan sun kai ɗari biyar, uku idan sun haura dubu, har zuwa biyar idan sun wuce dubu goma. Hasumiya ta gani ta kunna, ta gaba ta gani ta kunna, saƙon ya keta duwatsu fiye da saurin kowane doki. Amma duk abin da yake iya faɗa shi ne suna zuwa, kuma ga yawansu. Ba ya iya cewa me ya kawo su, ko wa ke jagorantarsu, ba ya kuma iya tambaya, balle ya ce ban gane ba, sake faɗa mini. Duk ma'anarsa tana cikin yarjejeniyar da aka ƙulla tun kafin a kunna wutar, kuma baƙon da bai san yarjejeniyar ba gobarar daji kawai zai gani.

Misali na kusa shi ne zaɓen Fafaroma a fadar Batikan. Manyan limaman cocin suna kulle a ɗaki ba waya ba jarida, kuma bayan zagayen ƙuri'a ana ƙona takardun. Baƙin hayaƙi na nufin babu wanda ya sami kashi biyu cikin uku, fari na nufin an samu. Kalmomi biyu ne kacal, amma duk da haka sun sha rikicewa. A zaɓen 1958 hayaƙin ya fito da fari-fari a lokacin da ake nufin baƙi, har aka fara shelar cewa an yi sabon Fafaroma alhali ba a yi ba. Shi ya sa daga 2005 aka ƙara murhu na biyu wanda ake ƙona sinadarai a cikinsa don launin ya fito sosai, aka kuma ƙara kaɗa ƙararrawar babban cocin idan fari ne. A watan Mayun 2025 limamai 133 suka shiga, baƙi ya fito da yammacin ranar 7, ya sake fitowa da hantsin ranar 8, fari ya tashi da yammacin wannan rana aka sanar da Leo na 14. Ki lura, hayaƙin bai faɗi sunansa ba, sai da mutum ya fito baranda ya buɗe baki.

Inda nake ganin kwatancinki zai yi ƙarfi shi ne a kan amana. Sinawa suna da tsohon labari game da sarki You na daular Zhou, wanda aka ce ya riƙa sa a kunna wutar hasumiyoyi ba tare da wani hari ba, don kawai ya ga matar da yake ƙauna ta yi dariyar hakimai suna zuwa a sukwane suna komawa da kunya. Ranar da maharan gaske suka zo ya kunna, babu wanda ya fito, aka kashe shi, aka cinye birninsa a shekara ta 771 kafin haihuwar Annabi Isa. Masana tarihi da yawa suna ɗaukar batun hasumiyoyin a matsayin almara da aka jingina wa faɗuwar birnin daga baya, amma abin da labarin ya gano daidai ne: hayaƙin ranar ƙarshe bai bambanta da na ranakun wasa ba, abin da ya ƙare shi ne yardar masu kallo.

Idan abin da kike nema shi ne alamar da ta yi kama da magana ta fuskar gini, to a wurinmu kalangu ya fi cancanta, tun da yana bin hawa da saukar muryar Hausa har mai kunne ya ji kirarinsa a ciki. Hayaƙi ya fi kama da kiran sunan mutum daga nesa: ya ji, ya waiwayo, amma zancen bai fara ba tukuna.

Hajiya Mai Turare ta amsa:

Ni ban yi karatun zane ba, ban kuma san tarihin Sin ba, amma shekara ashirin da wani abu ke nan ina haɗa turaren wuta, sana'ar da na koya a hannun surukata mutuniyar Maiduguri, saboda haka ina ganin ina da bakin magana a kan hayaƙi. Ɗana mai tarihi, ka yi bayani mai kyau, sai dai duk hayaƙin da ka lissafa na ido ne, ka manta da na hanci, kuma na hanci ba kalma biyu gare shi ba.

Mace takan shiga gida ta tsaya a zaure, kafin kowa ya yi mata sannu da zuwa ta riga ta san abubuwa da yawa. Ta san ko an yi shara an kimtsa, ta san ko ana jiran baƙi, ta san ko ɗakin amarya ne ko na mai jego, wani lokaci ma ta san daga wane gari matar gidan ta fito, domin haɗin mutanen Barno daban yake da na Sudan, wanda hancinsa ya saba kuma ba ya rikita su. Sandal da hawi da gajiji da farce kowanne da muryarsa, kuma yadda aka jiƙa itacen da turare, da yawan sukarin da aka soya shi da shi, da ƙarfin garwashin da ke cikin kasko, duk suna canja abin da zai fito. Garwashi mai ci sosai yana ƙona turaren ya ba da ƙauri, kamar mai gaskiya da ya faɗe ta da tsawa. Wanda toka ta ɗan rufe shi ne ke sakin ƙamshi sannu a hankali har ya kama labule da tufafi.

'Yata, ga abin da nake so ki sa a rubutunki. A Hausa kalma ɗaya muke da ita: muna jin magana, muna jin ƙamshi, muna jin zafi. Ɗiyata da ke karatu ta gaya mini cewa Jafanawa suna da tsohuwar al'adar zama a kewaye kasko ana miƙa shi hannu zuwa hannu da ɗan guntun itacen ud a kai, kuma su ma ba sa cewa suna shinshina turaren, cewa suke yi suna sauraronsa. Da na ji haka ban yi mamaki ba ko kaɗan.

Game da cewa iska na kwashewa kuwa, ki gaya wa kawunki ya buɗe akwatin tufafin mahaifiyarsa idan yana nan. Surukata ta rasu shekara tara ke nan, har yau akwai lafayarta guda da ban wanke ba, kuma ba na buɗe ta sai ina ni kaɗai.

Tsohon Malamin Fasaha ya sake amsawa:

Hajiya, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Maganarki ta tuna mini da abin da na tsallake, wato cewa hayaƙi ba ya neman izinin wanda zai shiga hancinsa. Mai zane da fenti yana rataye aikinsa, wanda ya so ya duba, wanda bai so ba ya wuce, amma mai tayar da hayaƙi yana sa kowa da ke ƙarƙashin iskar cikin aikinsa, ya yarda ko bai yarda ba. Shi kansa Cai Guo-Qiang da na yaba a sama ya gamu da wannan a watan Satumbar 2025, lokacin da ya tayar da hayaƙi mai launi a kan tsaunukan Tibet a wani aiki da kamfanin tufafi ya ɗauki nauyi. Jama'a suka yi ca a kan illar da hakan zai yi wa ciyayi da namun wurin, hukuma ta buɗe bincike, shi da kamfanin suka fito suka ba da haƙuri. Hausawa da suka yi wa hayaƙi kirari da fid da na kogo sun san abin da suke faɗa, domin mai cire zuma da yaran da ke farautar gafiya ba lallashi suke yi da shi ba. Idan za a kwatanta shi da magana, to a haɗa har da irin maganar da ke korar mutum daga ɗakinsa.

Mai Bin Tarihi ya ƙara da cewa:

Na karɓi gyaran Hajiya, na hanci ya fi na ido yalwar kalmomi. Sai dai har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: baƙuwar da ba ta taso cikin al'adar ba za ta ji ƙamshi mai daɗi ne kawai a zauren, ba za ta ji amarya ko mai jego ba. Wannan ma yarjejeniya ce, illa dai ba a rubuce take ba, a ɗakunan iyaye mata ake koyonta.

Ɗalibar Zane ta dawo:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, da Yaya, da Hajiya, Allah ya ƙara girma. Na jinkirta amsa ne domin na so in gwada kafin in yi magana. Na ƙona takarda huɗu a rana ta farko, ta biyar kuma ta yi kyau har na yi murna, sai na matso da feshin kusa da yawa ya share rabin aikin. Yanzu hannuna ya fara sabawa, kuma na gane cewa fitilar kananzir ta fi mini kyandir biyayya.

Na canja tsarin aikin gaba ɗaya. Na roƙi kakata ta ba ni aron faifanta da ludayi da maburgi da mara, zan ɗaure su a jikin farin allon katako in turara su yadda ɗan Italiyan nan ya yi, sannan in cire su in mayar mata da kayanta. A ranar da za a duba aikin ina so in ajiye kasko a ƙasan allon, da irin turaren da take sawa bayan sallar magariba, idan malamanmu sun yarda a shiga da garwashi ɗakin nuni. Batun zarar bunu kuma na cire shi daga bayanin, na maye gurbinsa da kalmar ji da Hajiya ta ba ni, tare da tambayar Yaya ta wanda ya san yarjejeniya da wanda bai sani ba, tun da a ajinmu akwai waɗanda ba su taɓa shiga madafin itace ba, kuma ina so in ga abin da za su ce sun gani.

Saura abu guda da ya tsaya mini. Baba Malam, katakon yana shan baƙin ba daidai ba, inda jijiyar itacen take ya fi kamawa, sauran wurin kuma ya yi fari-fari. Shin in fara shafa masa farar ƙasa da ƙaro in bari ya bushe, ko in bar jijiyar ta fito yadda take? Hajiya kuma, wane haɗi ne zai daɗe a jikin katako kwana uku ba tare da an sake kunna garwashi ba?